Bawul ɗin Mawashi da Ya Kai Ni Maraɗi

Tun da na dawo daga Maraɗi ban huta ba. A majalisarmu ta bakin tashar Kankiya, a ƙofar masallaci, har teburin mai shayi, tambayar ɗaya ce: yaya Nijar? Wasu da gaske suke son ji. Wasu kuwa sun riga sun ji rabin labarin a bakin mutanen Kusada, so kawai suke in ƙarasa da kaina su samu abin dariya. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure kowa yana ƙara masa nasa gishirin, don haka ga shi nan gaba ɗaya, har da wuraren da nake tsallakewa idan matata tana kusa.

Sunana Lawal, sana'ata haɗa famfo da bututu, shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Sau ɗaya na taɓa shiga jami'a, shi ma banɗaki na je gyarawa, amma duk Kankiya Injiniya ake ce mini, ban kuma taɓa hana kowa ba.

Wata ƙungiyar manoman rani da ke kusa da Mawashi, a yankin Kusada, ta samu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da ƙaton tanki, da bututu mai inci shida da zai riƙa kai ruwa lambuna. Ni aka ba aikin haɗawa. A gindin tankin na ɗaura bawul, wato babban makullin ruwan, ƙarfe ne mai nauyin gaske da sitiyari a kansa kamar na mota. Tsohon hannu ne, wani ɗan kasuwa ya aiko da shi daga Maraɗi tun farkon damina, ya yi wata huɗu a ɗakin mai gadin wurin, wani dattijo da ake kira Baba Ila. Da na ga jikinsa ya koɗe, ga kuma baƙi za su zo ranar buɗewa, sai na sayo shuɗin fenti na lafta masa har shafi uku. Ya yi kyau ƙwarai, sai da na ɗauke shi hoto.

Manoman sun yarda da ranar da na sa musu, suka dasa albasa da tattasai kwana biyu kafin ta. Kududdufin da suke ɗiba da garwa ya kusa ƙafewa, ba su damu ba tunda ga tanki cike.

Ranar buɗewa Alhaji Sada, shugaban ƙungiyar, ya yi bisimilla ya kama sitiyari ya murɗa hagu kamar yadda na nuna masa. Ko motsi. Na karɓa ina murmushi, ni ma ko motsi. Na zuba masa baƙin mai, na ga ruwa yana ɗan tsatsafowa ta wuyansa a gaban baƙi, sai na ƙara matse notunan wuyan tam. Sannan na yi abin da na saba yi wa duk ƙarfen da ya yi mini gardama: na zura dogon bututu a cikin sitiyarin, na kira majiya ƙarfi huɗu muka rataya a kai. Ƙarfen ya yi wani ɗan kuka, ya tsaya cak.

A nan ne Baba Ila ya matso, hannuwansa a baya, ya ce a hankali, "Injiniya, mi zai hana a gwada shi ta dama? Sa'ad da shike ɗakina..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce, "Baba, wannan fa ba gugar rijiya ba ce. Hagu buɗewa, dama rufewa, ko'ina a duniya."

Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin dariyar. Da Alhaji Sada ya tambaye ni abin da ya sami bawul ɗin, ban yi wani tunani ba na ce tsatsa ce ta cinye cikinsa, da ma an bar shi wata huɗu a ɗaki mai laima ba kulawa. Nan take Alhaji ya karɓi makullan ɗakin inji daga hannun Baba, ya ce in ya tabbata sakacinsa ne to ya nemi wani aikin. Dattijon ya miƙa su da hannu biyu. Ni kuma na ɗaure sitiyarin da waya, na ce kada wanda ya taɓa shi, musamman ta dama. Aka yanke shawarar in tafi Maraɗi wajen wanda ya sayar, ko ya canja ko ya ba da kayan ciki. Manoman suka ce da sauran ruwan kududdufi dashen zai iya jure kwana huɗu, in an yi sa'a biyar.

Washegari bayan sallar asuba na hau motar Katsina da jakata, a ciki akwai sifana biyu, da igiyar da na auna bawul da ita, da kaya kala ɗaya. A kaina kuma akwai wani jawabi mai zafi da na shirya wa ɗan kasuwar, ina ta bitarsa har muka wuce Rimi. Daga Katsina na shiga motar Maraɗi mai bi ta Jibiya. Mu huɗu aka cusa a baya, rabona ya faɗo kusa da wata Hajiya mai fataucin daddawa, da buhunta a kan ƙafata. Kafin mu kai Magama, ni da daddawar ba mai iya bambance mu da hanci.

A bakin iyaka na canja kuɗi. Na miƙa dami guda, aka miƙo mini 'yan takardu da ba su cika tafin hannu ba, na tsaya ina jiran saura har mai canjin ya tambaye ni ko lafiya. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya duba katina ya ce, "Mi za ka yi Maraɗi?" Tambaya ce ta kalma ɗaya, amma ni sai na ciro waya na nuna masa hoton bawul, na soma daga rijiyar burtsatse, na bi ta kan tanki, na sauko kan tsatsa. Na kai minti goma. Mutumin ya saurara har idonsa ya soma lumshewa, sannan ya miƙo mini katina ya ce in wuce don Allah. Da na koma mota ba wanda ya kalle ni. Hajiya ce kawai ta ce, "Ɗana, gobe in an tambaye ka, ce ziyara. Mu da muka zo neman abinci rana na yi muna."

Daga nan layin wayata ya ɗauke. Muka wuce Ɗan Isa, muka shiga Maraɗi ana kiran azahar.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin abin mamaki. Hausa ce ko'ina, irin ta kakata, da munka da sunka, sai dai kowace jimla sai an jefa mata Faransanci ɗaya ko biyu kamar barkono a miya. Burodinsu dogo ne siriri mai tauri, na ga mutum ya rataye uku a bayan keke na ɗauka ɗan'uwana ne mai famfo zai je aiki. Abin da ya ba ni haushi kuwa shi ne da rana ta take, rumfuna da yawa sai a sauke labule a kishingiɗa. Mu a Kankiya ko barci mutum yake a shago, ƙafarsa ɗaya tana waje don kada ciniki ya wuce.

Ɗan kabu-kabu ya kai ni layin 'yan tsofaffin ƙarafa, wajen Alhaji Isufu, wanda ya sayar da bawul ɗin. Na yi sallama da muryar da na tanada, na buɗe baki zan fara jawabi, sai ya riƙe hannuna da hannu biyu ya tambayi hanya, ya tambayi iyali, ya tambayi Katsina unguwa-unguwa don ya taɓa zama a can. Aka kawo ruwa, aka kawo fura mai kauri da nono, aka kawo kwaɗon zogale da garin rogo, aka biyo da gasasshiyar zabuwa. Sai aka ɗora shayi a kan gawayi. A wajensu shayi hawa uku ne a 'yan ƙananan kofuna, na farko ɗaci kamar magani, kuma ba a tashi sai an sha na ukun. Ina shan na biyu na nemi jawabina na rasa. Abin da ya fito daga bakina a ƙarshe shi ne, "Alhaji, bawul ɗin nan ya ɗan yi tauri."

Ya ce abin da mamaki, don guda biyu ya sayo iri ɗaya, ɗayan yana wani kamfanin man gyaɗa a bayan gari. Ya ce da safe zai kai ni wajen mai kula da injinan wurin, in ta ce bawul ya mutu, zai ba ni wani ko da na ɗakinsa ne. Na lura ya ce "ta", amma na ɗauka irin Hausarsu ce. A gidansa na kwana, a tsakar gidan baƙi cikin gidan sauro, don su da zafi ba sa wahalar da kansu da ɗaki.

Da safe muka je. Wata mata ta fito daga ɗakin gyara, da rigar aiki mai ruwan toka a kan zaninta, da ɗankwali a ƙarƙashin hular kwano, tana goge hannu da tsumma. Na gaishe ta na ce mai kula da injina nake nema. Ta ce to na same ta. Madam Rabi sunanta.

Ba ta kalli hoton da nake miƙa mata ba tukuna, tambayoyi ta jero mini. Tanki cike yake sa'ad da muka gwada? Cike. Na sassauta notunan wuya? Na ce a'a, ƙara matsewa ma na yi. Na duba zaren sandar da sitiyarin ke juyawa ko da datti ko ta lanƙwashe? Na ce fenti ya rufe. Sai ta ce, "Kun sa mashi bututu?"

"Ɗan gajere," na ce.

"Mutum nawa?"

"Huɗu. Da ni biyar."

Ta ja ni bayan ɗakin ta nuna mini wani kanta cike da sandunan bawul, wasu sun lanƙwashe, wasu sun karye gida biyu. Ta ce duk aikin masu ƙarfi ne. Ta ce wanda ya ƙera bawul ya auna girman sitiyarin daidai hannun mutum ɗaya, in mutum ɗaya ya kasa, to ba ƙarfi ne ya yi kaɗan ba, akwai abin da ya tare, sai a nemo shi. Na gyaɗa kai irin na wanda ya daɗe da sanin haka.

Sai ta kai ni gaban ɗan'uwan bawul ɗina, suna kama kamar tagwaye sai dai shi ba fenti. Ta ce in buɗe. Na naɗe hannun riga, na kafa ƙafa, na murɗa hagu har jijiyar wuyana ta fito. Leburori biyu suka dakata da aiki suna kallo. Madam Rabi ta sa hannu ɗaya, wanda ba tsumma, ta juya shi dama. Ya tafi sumul, na ji ruwa ya ruga cikin bututu.

Ta kama yatsana kamar mai koya wa makaho hanya, ta ɗora a kan sitiyarin. Kibiya ce a jikin ƙarfen, an zubo ta tare da shi, tana nuna dama. Ta ce wasu bawul na tsofaffin ma'aikatun ruwa na ƙasarsu haka ake ƙera su, akwai masu buɗewa hagu akwai masu buɗewa dama, shi ya sa a wajensu ba mai taɓa sitiyari sai ya nemi kibiya. Na ciro wayata na buɗa hoton nawa har ya cika fuska. Shuɗi ne sumul, shafi uku, ko alamar kibiya babu. Ashe mu biyar rataya muka yi muna ƙara rufe abin da yake a rufe.

Kunya iri-iri ce, na kuma ɗanɗani da dama a rayuwata, amma wannan ba ta leburorin da ke danne dariya ba ce. Muryar Baba Ila ce ta dawo mini, daidai inda na katse shi.

Madam Rabi ba ta yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo ke nan. Ta ce a rage ruwan tanki don nauyin ya sauka daga kan harshen da ke tare ruwa a ciki, a sassauta notunan wuya kaɗan, a ba shi mai, a bubbuga jikinsa da katako ba da guduma ba, sannan a riƙa lallaɓa shi dama kaɗan-kaɗan. Ta ce Alhaji Isufu ya ba ni sanda da noti na ajiya ko mun riga mun lanƙwasa ta ciki. Sannan ta miƙo mini wayarta ta ce, "Kira su yanzu, dashe ba shi jira."

To ga wurin da nake tsallakewa. Na ce mata ban haddace lambar kowa ba. Lambobin suna cikin wayar da ke hannuna, ita ma ta san haka, ta dai mai da tata aljihu. Abin da na ƙulla a raina shi ne in koma da kaina, in fitar da sabuwar sanda da gwangwanin man giris mai rubutun Faransanci, in kori mutane gefe, in yi 'yan dabaru, bawul ya buɗe, a ce Injiniya ya je ƙasar waje ya samo maganin. Na lissafa cewa zan isa Mawashi da yammacin ranar, kwana biyu ke nan, dashe bai mutu ba. Har kilishi da cuku na saya wa Alhaji Sada.

Motar da na shiga ba ta cika ba sai bayan la'asar. Kafin Ɗan Isa ta soma tafasa, direba ya tsaya yana ba ta ruwa da buta kamar mai jinya. Muka iso iyaka an tashi, sai a barandar wani masallaci muka kwana. Da safe aka ce sai an sauke kayan motar an duba, rana ta yi tsaka kafin mu tsallaka. Duk lambun da muka wuce sai in kau da kai. Da layina ya dawo a Magama na kira Baba Ila sau uku, bai ɗauka ba, ko kuwa bai ga dama ba. Na nemo lambar Alhaji Sada na zuba mata ido tun daga Jibiya har Katsina, ban danna ba. Tsoro nake ji ƙwarai, na dashen mutane, da na abin da zan ce.

Ban tsaya gida ba. Daga Kankiya na ɗauki babur na nufi Kusada, na karya ta hanyar Mawashi rana ta yi sanyi. Tun daga nesa na ga ƙasar lambunan ta yi duhu. Ruwa ne kwance a kwamin albasa, tattasai ya miƙe kunnuwa.

Manoman suka taso suna yi mini barka da zuwa da barka da aiki. Alhaji Sada ya rungume ni, ya ce ai tun ranar da na tafi, da hantsi, Baba Ila ya zo ya ce man da Injiniya ya zuba ya isa ya jiƙa, a ba shi izini ya taɓa. Ya janye ruwan tanki da tiyo, manoma suka tara a garwa, ya yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa shi kaɗai, sai ga ruwa. "Man nan naka shi ya karya tsatsar," in ji Alhaji. Ya ƙara da cewa maganar Baba kuwa tana nan, tunda sakacinsa ne ya jawo, ƙarshen wata za a sa wani.

Na duba can gefe. Baba Ila yana zaune a kan dutse kusa da bawul ɗin, ba makulli a wuyansa, yana gyara igiyar takalminsa. Bai gaya wa kowa ta wane gefe ya murɗa ba. Duk abin da na ƙulla a Maraɗi ga shi an shimfiɗa mini, ban ko buɗe jaka ba, shiru kawai ake so in yi.

Na ciro sifana na je na durƙusa gaban sitiyarin na soma kankare fentin. Shafi uku ba wasa ba ne, na ɗauki lokaci, mutane suka kewaye ni. Da kibiyar ta fito na ce kowa ya zo ya taɓa. Na gaya musu babu tsatsa ko ta ƙwayar gero, ni na rufe kibiyar da fenti, ni na matse wuyan, ni na sa aka rataya a kan bututu ta gefen da ba shi ba, kuma Baba ya faɗa a gaban kowa na mai da shi abin dariya.

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, sun adana ta sai daga baya. Alhaji Sada ya tambayi Baba yadda aka yi ya sani. Dattijon ya ce wata huɗun da bawul ya yi a ɗakinsa, duk Juma'a sai ya shafa masa man gyaɗa ya buɗe ya rufe, don an ce amana ce. Alhaji ya laluba aljihu ya ciro makullan, ya miƙa masa da hannu biyu kamar yadda ya karɓa.

Da mutane suka watse na matsa kusa da Baba na ce ya yafe mini. Na ciro kilishin da cukun na ajiye a gabansa. Ya dube su, ya taɓa dasashinsa da yatsa, ya ce jikoki za su yi murna. Sannan ya rage murya ya ce, "Da ka yi shiru, Injiniya. Ni na tsuhwa, gadi ko babu shi ɗiyana na ba ni tuwo. Kai kuwa da sunan nan kaka ciyar da yara."

Dogon bututun nan yana can, Baba ya kafa shi ya tokare rumfarsa da shi, ya ce aikin da ya dace da shi ke nan. Sabuwar sandar tana ɗakin inji ba a buƙace ta ba.

Masu tambayar yaya Nijar, to ga ta: mutanen kirki ne, shayinsu da ɗaci, burodinsu da tauri. Masu kuma tsayar da ni a tasha suna cewa, "Injiniya, yau ta wane gefe?" ba na jin haushi. Cewa nake su hau babur su je Mawashi su tambayi Baba Ila, yana nan gindin tanki da makullansa a wuya.